Amfanin Wasa Ga Ƙananan Yara: Bayani Ga Iyaye A Jibiya Da Kewaye

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abin da ba ya cikin buhun hatsi, ba ya kuma cikin kwalin magani, amma ƙaramin yaro yana bukatarsa kowace rana. Muna nufin wasa. Mun san wasu iyaye za su ce, a wannan hali da ake ciki, mutum yana neman abin da zai sa a tukunya, wa yake ta wasan yara? Tambayar tana kan hanya, gama yunwa ba ta jira. Duk da haka muna roƙonku ku karanta har ƙarshe, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a taron zumuntar mata da zauren mai unguwa.

Wane irin wasa muke nufi?

Akwai wasan da babba yake shirya wa yara, kamar yadda malamar makarantar Lahadi take jera su ta koya musu waƙa da tafi. Wannan yana da kyau, amma ba shi ne zancenmu na yau ba. Zancenmu shi ne wasan da yaro ya tsiro da shi da kansa, shi ya zaɓi abin da zai yi, shi da abokansa suka kafa dokarsa, su ne kuma za su tashe shi sa'ad da suka gaji. Ba mai ba da maki, ba mai cewa an yi daidai ko an yi kuskure. Kowa a cikinmu ya yi shi. 'Yan mata sun tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, sun goyi 'yar tsana, sun yi carafke da 'yar gala-gala. Maza sun hau dokin kara, sun fere ɓargon kara sun haɗa mota, sun yi langa da ɓuya a farin wata. Ba wanda ya kashe ko kwabo a kan waɗannan.

Abin da yake faruwa a cikin yaro

Mu ɗauki dokin kara. Yaro ɗan shekara 3 ya sa kara tsakanin ƙafafunsa, ya ce wannan doki ne. Ya san sarai kara ne, amma ya riƙe shi a zuci a matsayin doki, har yana ba shi ruwa yana ɗaure shi a turke. Wani masanin tunanin yara ɗan ƙasar Rasha mai suna Lev Vygotsky ya yi amfani da wannan misali na sanda da doki a wata lacca da ya yi a 1933. Abin da ya nuna shi ne, a nan yaro yake fara koyon cewa wani abu yana iya tsayawa a madadin wani abu. To, karatu ma haka yake. Harafin da ke kan allo zane ne da yake tsayawa a madadin sauti, lamba kuma zane ce da take tsayawa a madadin awaki ko kuɗi. Yaron da ya saba mai da kara doki ya riga ya shiga ƙofar, tun kafin ya ga malami.

Sa'an nan ku lura da yara idan suna wasan gida. Wata ta zama uwa, wata jaririya, wani ya zama mai gida ya tafi kasuwar Jibiya sayo cefane. Wadda ta zama jaririya dole ta kwanta ta yi shiru ko da tana son tashi, domin in ta tashi ta ɓata wasan. Wannan yarinya ce da uwarta take fama da ita ta zauna na minti ɗaya ta ƙi, amma ga shi a cikin wasa ta danne son ranta da kanta. Haka mai ɓuya yake riƙe numfashi a bayan rumbu, haka mai langa yake jimre wa tsayuwa da ƙafa ɗaya. Jiran layi, bin doka, haƙuri da kaye, duk a nan ake fara su. Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai mu ɗauka tanƙwarar ita ce tsawa da bulala. Kaso mai yawa na tanƙwarar nan yara suna yi wa kansu a dandali, cikin dariya.

Har gardamar da suke yi tana da amfani. Wa zai fara? Ƙafarka ta taɓa layi ko ba ta taɓa ba? Iyaye sukan gaji da wannan hayaniya su ce kowa ya watse. Amma idan kun ƙyale su kaɗan, sau da yawa za ku ga sun sasanta, gama kowa yana so wasan ya ci gaba, wanda ya cika rigima kuwa gobe ba za a yi da shi ba. Babba yakan yi wa yaro uzuri, tsaransa ba sa yi. Wani abin kirki a wasanninmu na gargajiya shi ne ana cakuɗa manya da ƙanana. Ɗan shekara 4 yana bin ɗan shekara 8, yana kwaikwayon bakinsa da dabararsa, shi kuma babban yana koyon sassauta wa ƙarami. A aji ba a samun wannan sosai, domin ana raba yara bisa ga shekaru.

Game da jiki ba sai mun tsawaita ba. Gudu da tsalle da hawa suna ƙarfafa ƙashi da tsoka, tsintar duwatsun carafke kuma tana horar da yatsun da za su riƙe fensir. Masana sun ce kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum, kuma abin da yaro yake taɓawa da gani da ji da gwadawa a waɗannan shekaru shi ne yake ƙulla hanyoyin cikinta. A 2014 masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun duba yara 70 'yan shekara 6 zuwa 7. Suka tarar waɗanda suka fi samun lokacin da ba babba ne ya tsara musu ba sun fi iya tsara wa kansu abin da za su yi su kuma bi shi. Binciken ƙarami ne, kuma ba yaranmu aka duba ba, amma ya yi daidai da abin da kowace kaka ta sani: yaron da kullum sai an ce masa yi kaza, ranar da ba mai faɗa masa sai ya tsaya yana kallo.

Wasa da tamowa

Wannan sashe ne ya fi shafar aikinmu, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansa. Tamowa ta yi wa yara yawa a Jihar Katsina a shekarun nan, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a jihar tun 2021. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san abin da ya fi ba da tsoro shi ne shirun. Yaro mai tamowa ba ya ƙiriniya, ba ya miƙa hannu ya ɗauki abu, wani lokaci ko kuka ba ya iya yi. Uwa kuma, don tausayi, sai ta lulluɓe shi ta bar shi kwance. Da haka yaron yake yin asara biyu: jikinsa bai sami abinci ba, hankalinsa kuma bai sami abin yi ba.

A tsakiyar shekarun 1980, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Suka raba su kashi huɗu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su madara kowane mako. Kashi na biyu ma'aikaciyar lafiya takan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako, ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga robobi da tarkacen gida. Kashi na uku suka sami duka biyu, na huɗu kuwa kulawar asibiti kawai. Aka yi shekara 2 ana haka. Da farko madara ta taimaka, wasa ma ya taimaka, waɗanda suka sami duka biyu su suka fi ci gaba. Amma da shekaru suka tafi, amfanin da madarar ta yi wa hankalin yaran ya dusashe, na wasan ya zauna. Bayan kimanin shekara 20 aka sake nemo su, aka buga sakamakon a 2014: waɗanda aka yi wasa da su suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a bar abinci a kama wasa ba, kuma wasan Jamaika na uwa da ɗa ne, da ɗan jagoranci. Jariri ɗan wata 10 ba zai fita dandali ba, dandalinsa shi ne cinyar uwarsa da tabarmar tsakar gida. Abin da binciken ya koya mana shi ne buhun abinci kaɗai bai gama aikin ba. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da nuna ƙauna a cikin matakai 10 na jinyar yaro mai tsananin tamowa, ta kuma ba da shawarar minti 15 zuwa 30 na wasa kowace rana da zarar yaron ya fara farfaɗowa. Gwangwani da aka zuba wa tsakuwa aka toshe bakinsa da kyau, ludayi da ƙwarya, tsumman da aka ƙulle ya zama ƙwallo, sun isa.

A nan ne za mu taɓa zancen goyo. Goyo abu ne mai albarka, yana ba jariri ɗumi da kwanciyar hankali, yana kuma sake wa uwa hannu ta yi aiki. Sai dai a shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ta ce kada a tsare ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, ta kuma ambaci goyo a baya a ciki. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke, jimlar minti 30 a yini, a rarrabe. Daga shekara 1 zuwa 4 kuwa yaro yana bukatar motsa jiki na aƙalla awa 3 a yini. Mun san macen da ke surfe ko tafiya ɗiban ruwa ba ta da agogo a hannu. Abin nufi dai, in an sami sarari a sauke shi.

Me ya ci dandali?

Dattawan ƙasar nan suna tuna lokacin da yara suke kaiwa tsakar dare a dandali in wata ya yi fari, ba mai nemansu. Matsalar 'yan bindiga ta kashe wannan a ƙauyuka da yawa. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara iyaka zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka. A watan Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka baro garinsu, da yawa daga cikinsu suka sauka a makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a cikin Jibiya. Iyalin da suka saba da fili da inuwar bishiya suka koma ɗaki ɗaya a gidan dangi ko kango. Uwar da ta taɓa gudu da dare da yara a hannu, ba wanda zai ga laifinta in ta ce kada ɗanta ya leƙa ƙofar gida. An yi sulhu a yankin a 2025, amma tsoro ba ya fita daga zuciya ranar da aka tashi daga taro.

Ga kuma talauci. Jibiya garin iyaka ne, abincin gidaje da yawa yana rataye da hanyar da ta bi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk sa'ad da direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha suka rasa ciniki, farantin talla ne yake ƙara nauyi a kan yara. Ba mu hana yaro aike ko taya uwarsa aiki, gama ta haka ake koyon zaman gida. Amma 'yar shekara 5 da ta wuni da goyon ƙaninta, ko tana bin yayarta yawon talla daga safe har magariba, an karɓe mata wani abin da ba za a iya mayar mata ba in ta girma.

Akwai kuma hasarar da take zuwa da kyakkyawar niyya. Iyayen da suka sami ɗan hali suna kai yaro nazare tun yana shekara 2, a zaunar da shi a benci yana maimaita haruffan Turanci, ya dawo da aikin gida. Iyaye suna murna domin yana rera abin da bai san ma'anarsa ba. Tsarin ilmi na ƙasa da Nijeriya ta fitar a 2004 ya faɗi a fili cewa babbar hanyar koyarwa a wannan mataki ita ce wasa, kuma da harshen uwa ko harshen yankin. Muna kira ga masu makarantu, har da na ikilisiyoyinmu, su duba wannan. Idan kun je duba makaranta, ku tambayi ina yara suke wasa da kuma minti nawa ake ba su, kafin ku tambayi launin yunifom. Wayar hannu ma ta shigo. Shawarar 2019 da muka ambata ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Idan yara suna wasan bindiga

Iyaye da dama sun kawo mana wannan kuka. Yara suna ɗaukar kara su rataya a kafaɗa, wasu su zama ɓarayin daji, wasu sojoji, wasu su zama waɗanda aka kama ana neman kuɗin fansa. Uwa ta gani gabanta ya faɗi, ta ɗauko bulala. Muna roƙo a dakata. Yaro yana wasa da abin da ya gani. Yaran Magama suna ɗaure igiya a hanya su zama kwastan, 'ya'yan makiyaya suna gina shanun laka. Yaron da ya ga tashin hankali ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ke ransa, sai ya mai da shi wasa, inda a wannan karo shi ne yake da iko, yana kuma iya tsayar da abin sa'ad da ya so. Sau da yawa ta haka tsoron yake raguwa. Duka ba ya cire abin daga zuciyarsa, yakan sa ya ɓoye ne kawai.

Abin da za a lura da shi shi ne wannan. Idan wasan yana sauyawa, yau an kama gobe an kuɓuta, ana dariya, a ƙyale su, a hana dai abin da zai ji wa wani ciwo. Amma idan yaro yana maimaita abu guda kullum ba sauyi, fuskarsa a ɗaure, ga firgita cikin barci ko fitsarin kwance bayan ya daina, wannan yana bukatar taimako. A zauna kusa da shi, a saurare shi, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya.

Bangaskiya da doka

A cikin littafin Zakariya sura 8, sa'ad da annabin yake kwatanta birnin da Allah ya mayar wa salama bayan bauta, alamun da ya bayar su ne tsofaffi zaune a tituna da sandunansu, da yara maza da mata sun cika titunan suna wasa. Mutanen da suka yi gudun hijira sun fi kowa gane wannan hoto. Ubangijinmu Yesu ma ya lura da wasan yara, har ya yi misali da yaran da ke zaune a kasuwa suna wasan biki da na makoki, a Matiyu sura 11. Maƙwabtanmu Musulmi kuma sun san labarin yadda jikokin Annabi Muhammadu suke hawa bayansa yana salla bai ture su ba. Ta fuskar doka, sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce hutu da wasa haƙƙin yaro ne. Nijar ta amince da ita a 1990, Nijeriya a 1991. A 2024 Majalisar ta keɓe 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya.

Abin da ya rage gare mu

Tun da dandalin dare ya yi wuya a wurare da yawa, sai a nemi na rana. Harabar coci, filin makaranta bayan an tashi, ƙofar gidan mai unguwa, ko tsakar gida mai faɗi da maƙwabta za su yarda yara su taru a ciki. Yaran unguwa duka, na Kirista da na Musulmi, na 'yan gari da na baƙi, gama ɗa na kowa ne. A share wurin daga fasassun kwalabe da ƙusoshi da kashin dabbobi, a rufe rijiya, a nisanta yara daga kududdufi da bakin gulbi da damina, da kuma bakin titi inda babura da manyan motoci suke wucewa. Mata biyu ko uku za su iya yin karɓa-karɓa wajen tsaro, kakanni kuma sun fi kowa dacewa da wannan aiki.

Mai tsaron ya zauna a gefe. Wannan ne ya fi wuya ga manya, musamman mu da muka saba koyarwa. Hannu yakan yi ƙaiƙayi ya gyara motar karan da ta karkace, baki ya so ya raba gardama tun ba ta nuna ba. A bari sai an ga haɗari, ko babba yana cin zalin ƙarami, ko an ware wani yaro saboda baƙo ne ko yana da naƙasa. Datti a riga ba laifi ba ne, a dai wanke hannu da sabulu ko toka kafin a ci abinci. 'Yan mata su sami rabonsu daidai da maza, domin su ne aka fi kira daga tsakiyar wasa a ce su zo su riƙe jariri.

Ga iyaye mata masu ƙananan yara kuma, ku sa ido a kan wannan alama. Yaron da ya saba ƙiriniya, sai kuka ga ya daina wasa, ya zauna shiru wuri ɗaya, ba ya kula abin da aka miƙa masa, kada ku ce ya yi hankali. Ku taɓa jikinsa ko da zazzaɓi, ku duba ko ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar a auna damtsensa.